Gidan Fiyus Mai Jar Hula

Kwana uku ke nan da walimar saukar jikata, amma har yanzu in na ɗauki alƙalami sai hannuna ya yi rawa. Mutanen gida na cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, haushi ne. Na leƙa cikin akwatin amfilifayar da aka kawo don yarinyar ta yi karatu da ita, na ga abin da na gani, sai shekarun da na ɗauka na binne suka taso mini gaba ɗaya. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko wani mai haɗa wayoyi zai karanta ya ji tsoron Allah.

Jibiyar da na tashi a cikinta gari ne na sauti. Tun da hantsi manyan motoci ke jeruwa a hanyar kan iyaka, kowane direba da rediyonsa, wannan na kama tashar gida, wancan na kama ta Nijar, ga kukan jakuna, ga 'yan fura na kiran ciniki da murya mai zaƙi kamar suna kiran masoyi. A gefen hanyar nan kawuna, ƙanen mahaifiyata, yake da rumfar gyaran rediyo. A Maraɗi ya koyi sana'ar, don haka shi amfilifaya ampili yake ce mata, fiyus kuma fizibul, har ya rasu bai sake ba. Na riga na zama saurayi lokacin da na zauna a wurinsa. Ni ke share rumfa, ni ke hura gawayi in ɗora ƙarfen narka dalma in an ɗauke wuta, ni ke kakkaɓe ƙurar cikin rediyo da gashin kaza, in ware ƙusoshi a gwangwanayen tumatir, manya daban ƙanana daban. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin dalma tana narkewa. A zamanin nan in abu ya lalace buɗe shi ake yi, a zauna a saurare shi har ya faɗi ciwonsa. Yanzu kuwa a jefar, a sayo wani da ya fi shi lalacewa.

Ban da aiki, ina da wani ciwo: littattafan soyayya na kasuwa. Ƙarƙashin benci nake ɓoye su. A cikinsu saurayi yakan zo da mota, ko da wasiƙa mai ƙamshin turare, ko da kalmomin da ke sa budurwa ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi. Ni ba mota, ba turare, in na buɗe baki kuma sai in-ina. Wayoyi kawai gare ni. Amma na yi imani har zuciyata cewa kowane masoyi sai ya yi wa masoyiyarsa wani abu da gari zai daɗe yana labari.

Wadda nake so ɗiyar wani tela ce, bayan rumfarmu kuma makarantar Islamiyyarsu take. Kullum bayan la'asar muryarta ke tsallako katanga tana jan waƙen yabon Manzo, sauran 'yan mata na amsawa. In ta fara sai in tsaya da ƙarfe a hannu har ya huce. Kawu yakan ce, "Kai, dalmar taka ta daskare, ko sai an ƙare baitin?" Magabata sun san da maganarmu, an ba ni izinin zance. Da ta gaya mini ita aka zaɓa ta ja waƙe ranar walimar saukarsu, sai na dafa ƙirji na ce zan haɗa amfilifaya da hannuna, muryarta ta tsallake shingen iyaka, mutanen Nijar su ajiye abin da suke yi su saurara. Dariya ta yi ta ce, "Kai dai ka sa a ji ni bakin layi, ya isa."

Kawu bai hana ni ba. Maƙeri ya buga mini akwatin ƙarfe, na shafa masa koren fenti. Ranar da za mu fara jan wayar wuta, Kawu ya zaro wani abu daga aljihu, wanda wani direba ya kawo masa daga Maraɗi: gidan fiyus ne, baƙi, da hula ja mai murɗawa, tana sheƙi kamar dutsen zobe. Ya juya akwatin, ya ɗauki ƙusa ya yi zane a bayansa, dab da ramin da wayar wuta za ta shigo.

"Nan za ka sa shi," in ji shi. "Jar waya tana shigowa, abu na hwarko da za ta gamu da shi wanga ne. Kahin makunni, kahin taransifoma, kahin komi. Tsakaninsu kada ya wuce tsawon yatsanka."

"Kawu, ai ko'ina aka sa shi aiki guda zai yi. Wuta ta yi yawa, ya tsinke."

Ya kalle ni kallon da ake yi wa mai zazzaɓi. Sai ya nuna hanya da sukudireba. "Leƙa can. Ina aka kahwa shinge?"

"A bakin iyaka."

"Don mi ba a kai shi tsakiyar kasuwa ba, inda ke da inuwa da mai shayi?"

Bai jira amsata ba.

"Don duk abin da ya hwaru tsakanin iyaka da kasuwa, mai gadi bai san an yi ba. Wayar da ke gaban fizibul ba ta da mai tsaro. Ka gajarta ta."

Bai tsaya nan ba. Ya ce a kan jar waya ake sa shi, ba a kan baƙa ba, in ba haka ba fiyus zai tsinke amma akwati na cike da wuta. Ya ce wutar ta shiga ta ƙafar da ke can ƙarshen gidan, don in mutum ya cire hula yatsansa kada ya tarar da ita a bakin rami. A nisanta shi da zafin taransifoma. A sa wa kowace ƙafa rigar roba. A sa zoben roba a ramin da waya ke shiga, don ƙarfe yana cin waya a hankali kamar gara. A ɗaure jikin akwati da wayar da za ta tafi ga rodin da aka kafa a ƙasa, yadda in jar waya ta taɓa jiki, wuta za ta gudu ƙasa da ƙarfi, fiyus ya tsinke, mutum ya tsira. Duk na ji. Wallahi duk na ji, kuma na gane. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Na ɗauke akwatin na kai ɗakina don in ƙarasa. Na ajiye shi a gabana ina kallon fuskarsa: maɓallan murɗawa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, tsakiya fili. Na ɗora jar hular nan a tsakiyar don in gani kawai. Sai akwatin ya yi kyau kamar amarya da ɗigon kwalliya a goshi. Na ce a raina, abu mai kyau haka a ɓoye shi a baya inda ba mai gani sai bango? A zuci na hango masoyiyata tsaye da makirfo, ta juyo ta ga koren akwati da jar hula, ta san don ita aka yi. Na huda gaba. Na ja jar waya tun daga ramin baya, ta ratsa akwatin gaba ɗaya, ta haye bakin wani ƙarfe da ya raba ciki biyu, har ta iso inda nake so. Na kunna, ta yi aiki, lasifika ta yi tsawa. Washegari Kawu ya tambaye ni, ko kallona bai yi ba, "Ka sa shi inda na zana maka?" Na ce, "Na sa, Kawu." Kalmomi uku. Da su na sayar da hannun yarinyar mutane.

Ranar walima a kura na ɗora kayan, na tura ta kan hanya mai ramukan da manyan motoci suka bari, akwati na tsalle yana dira. A kowace dira bakin ƙarfen nan na cizon jar waya, ni kuwa ina ta shirya murmushin da zan yi. Kamar yadda aka saba, an share fili an yayyafa ruwa sosai don ƙura ta kwanta, aka shimfiɗa tabarmi a kan danshin. Na kafa rodi, na ja wuta daga shagon maƙwabci, na ɗaura lasifika a reshen dalbejiya ina fuskantar da ita wajen iyaka. Malaminsu ya yi jawabi, makirfo na ɗaure a sanda, lafiya lau. Da aka kira ta, ta tuɓe takalmi don girmama wurin, ta tako tabarmar da ta jiƙe. Ni kuma sai na ga akwatin ya yi nisa, ba za ta ga jar hular ba. Na kama shi na jawo gaba da ƙarfi. A wannan jan wayar ta ƙarasa yankewa ta kwanta a jikin ƙarfe, jikin akwati kuwa a haɗe yake da jikin makirfo.

Ta miƙa hannun dama ta kama. Ba ta yi ihu ba. Lasifikar ce ta yi wani gurnani da ban taɓa jin irinsa ba, ita kuma ta sandare, yatsunta sun damƙe makirfo sun ƙi saki, idanunta a kaina. Mata suka fara salati. Ni da na karanta littattafai nawa inda saurayi ke faɗawa wuta don masoyiyarsa, ko motsi ban yi ba. Kawu ne, daga cikin dattawa, ya tsallake mutane ya fizge wayar daga bangon shago. Ta zube.

Bayan an ɗauke ta an yi asibiti, Kawu ya tsuguna gaban akwatin. Ya daɗe yana kallon jar hular a goshinsa. Ya murɗe ta, ya zaro fiyus, ya ɗaga shi a hasken rana, sannan ya miƙo mini.

"Duba. Lahiya lau yake. Bai ma san an yi komi ba."

Siririyar wayar cikin gilashin fiyus ɗin tana nan ɗoɗar. Na so ya mare ni. Na so ya tara mini jama'a. Sai kawai ya ce, "Ɓarawo ya shigo ta iyaka, mai gadinka na tsakiyar kasuwa yana kwalliya." Ya tashi ya tafi. Wata guda bai ce mini ko sannu ba.

Allah ya yi da sauran kwananta. Tafin hannun ya ƙone, yatsu biyu na ƙarshe suka lanƙwashe ba su sake miƙewa ba. Na je gaban mahaifinta na faɗi gaskiya duka, har ƙaryar da na yi wa Kawu. Ya ce maganar tana hannun ɗiyarsa. Ita kuwa ta cikin labule ta ce, "Na yahe maka. Amma kada ka ƙara ce mani in yi waƙe." Aka ɗaura mana aure bayan damina. A littattafan da na sani nan ake rufe labari, a ce suka zauna cikin farin ciki. Ba wanda ya rubuta abin da ke biyo baya: yadda mutum zai shekara arba'in da wani abu yana karɓar kwanon tuwo daga hannun da ya lalata. Ɗiyar tela, amma zare a allura sai an sa mata. In sallah ta zo hannun hagu kawai take ƙunsa wa lalle, na daman yana cikin mayafi. Ta haifa mini 'ya'ya, ta yi musu rarrashi da jijjiga da bubbuga baya, amma ban taɓa jin ta rera musu ko baiti ɗaya ba. Na yi niyyar in aika muryarta wata ƙasa, sai na kashe ta a cikin gidana.

To, da wannan a wuyana na je walimar jikata. Filin ya sauya, dalbejiyar an sare, shagon ya zama wurin cajin waya. Amma har yanzu ana yayyafa ruwa, har yanzu ana tuɓe takalmi. Mai kayan sautin wani magidanci ne matashi, da gilashi a goshi, an rubuta injiniya a jikin kekensa mai ƙafa uku. Amfilifayarsa haɗin gida ce, murfin ma a buɗe ya bar shi don ta sha iska. Na leƙa, don ni ba na wuce akwati ban leƙa ba. Jar waya ta shigo ta ramin da ko zoben roba babu, ta yi yawo cikin akwatin kamar mai neman gidan biki, ta kwanta a kan taransifoma, sannan can gaba ta sami gidan fiyus yana lilo ba a ɗaure ba. Cikin gidan kuma ba fiyus ba ne. Mataccen fiyus ne aka naɗe da takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Rodi kuwa babu shi, babu labarinsa.

Ban yi shawara da kowa ba, na zare wayar daga bango. Karatun da ke fita ya ɗauke.

"Baba, lafiya? Wa ya ce ka taɓa mini kaya?"

"Wa ya koya maka aiki?"

"A wayar hannu na koya, Baba. Zamani ya wuce na rediyo mai batir."

"Wannan takardar sigarin ma a waya ka gan ta?"

Ya yi dariya yana kallon abokansa. "Fiyus ɗin ne ke yawan tsinkewa yana ba ni kunya a taro. Tun da na yi masa haka bai ƙara ba. Biki nawa na yi da ita, ko kaza ba ta mutu ba."

"Yana tsinkewa ne don yana gaya maka akwai ciwo. Sai ka toshe masa baki."

"Baba, don Allah ka je ka zauna a inuwa. In ka gaji ne a kawo maka kunu."

Aka yi dariya. Shugaban makaranta ya matso yana murza hannu, "Alhaji, a yi haƙuri, baƙi sun taru, rana na yi. A bari a gama, in ya so daga baya a duba." Har ɗana, uban yarinyar, ya raɗa mini, "Baba, kana ba mu kunya." Jikar tawa tana tsaye gefen tabarma da farin hijabi, takalminta a hannu, ta tura baki. "Kai tsoho, yau ma sai ka ɓata mini rana?" Na dube su duka. In-inar ƙuruciya ta dawo. Na riƙe wayar gam na ce sai dai a karya hannuna.

Sai na ji taron mata ya yi tsit. Mai ɗakina ce ta taso. Ita da ba ta ratsa taron maza, ta ratso har gaban mai kayan. Ta zaro hannun dama daga mayafi, a gaban kowa, ta buɗe masa tafin da yatsun nan biyu.

"Ɗana, ka ga wanga? Makirho ne. Ranar saukata." Ta nuna ni da haɓa. "Shi ya yi. Kuma shi ya hi ka iya aiki nesa ba kusa ba. Ba shi sukudireba."

Gilashin goshinsa ya cire. Ya miƙo mini sukudireba da hannu biyu.

Kullum akwai fiyus a aljihuna cikin kwalin ashana, tun daga waccan rana. Aka ɗauko mini jakar aiki daga gida. Jama'a na zaune, rana na sauka, na yanke jar wayar nan na bar tsawon yatsa, na ɗaure gidan fiyus a baya dab da inda ta shigo, na sa wa ƙafafunsa riga, na yanko robar tsohon tiyo na yi wa ramin zobe. Na sa mai kayan ya samo rodi ya kafa da kansa, ya yi gumi. Na gano inda wayar lasifika ta goge tana cinye masa fiyus, na naɗe. Na kunna, na bi jikin akwati da na makirfo da testa mai nuna wuta, ba ta kama ba. Na ce wa jikata ta zo.

"Tsaya," in ji kakarta.

Ta tuɓe takalmi. Ta taka tabarmar mai danshi. Na ce, "Hajiya, na gwada." Ta ce, "Wancan karon ma ka gwada." Ta dubi yarinyar ta ce, "Wanga hannu ya riga ya lalace, bari shi ya hwara." Ta kama makirfo da yatsu ukun da suka rage mata. Ta riƙe, ta ƙara riƙewa, sannan ta kai shi bakinta.

"Ana ji na?"

Muryar ta fita ta lasifika, ta bi kan rufin gidaje ta yi wajen shinge. Ta tsufa, ta dushe, amma ita ce. Daga can bakin layi wani ya amsa da ƙarfi, "Ana ji, Hajiya!" Ta miƙa wa jikarta makirfo, ta sa takalminta, ta mayar da hannun cikin mayafi ta koma wurin mata.

An ce yarinyar ta yi karatu mai daɗi. Ni ban ji ba. Ina tsugune bayan akwati, hannuna a kan wayar bango, har aka shafa fatiha.

Mai kayan ya zo jiya da wasu akwatuna biyu, duka da takardar sigari a ciki. Na zazzage shi har maƙwabta suka leƙo. Da na gaji sai na tuna shi ba wanda ya taɓa ɗaukar ƙusa ya zana masa wuri. Ni an zana mini. Na juya akwatin farko, na ɗauki ƙusa na yi zane a bayansa, na ce ya huda nan. Ya ce zai kai gida ya ƙarasa, gobe ya kawo in gani.

Na ce a'a. A gabana.